Babi na Tara: Tsohon Doki Sai Mai Shi

Ranar 1 ga Janairun 2011 Chuck Berry ya hau dandamali a wani tsohon gidan wasa da ake kira Congress Theater a birnin Shikago, yana da shekara 84. A daren da ya gabata ya yi wasa har sau biyu a New York don shigowar sabuwar shekara, sannan ya taso cikin sanyin hunturu. Tun daga waƙoƙin farko waɗanda suka san kiɗansa suka fara kallon juna. Yakan ɗauko waƙa ya sake ta a tsakiya, ya tsaya yana murɗa maɗauran tsirkiyar jitarsa yana neman saiti, saitin ya ƙi samuwa. Bayan kimanin awa guda ya kifa kai a kan fiyanon lantarkin da ke gefensa, aka riƙe shi aka fita da shi. Ma'aikatan motar asibiti suka duba shi. Daga baya ya dawo ya yi wa waɗanda suka rage godiya, har ya ɗan taɓa tafiyar agwagwar nan da aka san shi da ita, wadda yakan durƙusa yana ratsa dandamali da jita a hannu. Wakilinsa ya ce gajiya ce.

Cikin 'yan kwanaki bidiyon da mutane suka ɗauka da wayoyinsu ya bazu a YouTube, gardama ta kaure tsakanin masoyansa. Ba ta lafa ba har ya daina wasa kusan shekara huɗu bayan haka, kuma ko yau aka tono ta tana da sauran wuta.

Sai an san wane ne mutumin za a gane abin da ya sa zancen ya yi zafi haka. Baƙar fata ne, haifaffen St. Louis ta jihar Missouri a 1926. Ya yi aiki a masana'antar haɗa motoci, ya koyi gyaran gashi, da dare kuma yana kiɗa a ƙungiyar wani gwanin fiyano mai suna Johnnie Johnson. A 1955 ya je Shikago, mawaƙi Muddy Waters ya tura shi wurin Leonard Chess mai kamfanin faifai, aka ɗauki "Maybellene", aka sayar da fiye da faifai miliyan ɗaya. A 1958 ya fitar da "Johnny B. Goode", wadda mabuɗinta na jita ya zama karatun farko ga duk yaron da ya rataya jita a Amurka da Ingila. Mawaƙi John Lennon ya taɓa cewa in za a sake wa kiɗan rock suna, sunan Chuck Berry ya kamata a sa masa. Keith Richards na Rolling Stones ya amsa a bainar jama'a a 1986 cewa kusan duk wani salon da Berry ya taɓa kaɗawa ya ɗauke shi. A 1977 hukumar sararin samaniyar Amurka ta sa wannan waƙa ta 1958 cikin faifan zinaren da aka liƙa wa kumbunan Voyager. Wato tsohon da ya kasa kai waƙa ƙarshenta a Shikago shi ne mai waƙar da ta bar duniya tana tafiya tsakanin taurari.

Masu cewa ya ajiye jita suna da hujja, kuma ba maƙiyansa ba ne. Yawancinsu mutane ne da suka girma da faifansa. Cewa suke yi duk daren da ya fito haka yana yage wani ɓangare na sunan da ya gina, yaron da ya fara ganinsa a 2012 kuma zai tafi da hoton wani tsoho mai lalube, ya ɗauka shi ke nan abin da ake ta yabo. Suna tambaya ina iyalinsa, ina abokansa, da babu mai iya riƙe masa hannu ya ce Baba ya isa haka. Wasu suna kawo zancen kuɗi kai tsaye: mun biya don mu ji kiɗa, ba mu ji ba. A kan abin da kunne ya ji, gaskiya tana wurinsu. Duk wanda ya saurari wasanninsa na shekarun ƙarshe ya ce jitar tana kan saiti, son zuciya ne ya toshe masa kunne.

Ɗaya ɓangaren ba sa musun wannan. Amsarsu ita ce mai son jin kiɗa tsaf ya koma gida ya sa faifai, su sun zo ne su zauna ɗaki ɗaya da mutumin da ya ƙirƙiro abin, tun yana da rai. Suna ƙarawa da cewa babu wanda ke da ikon gaya wa mutum ranar da zai bar sana'arsa, balle mutumin da ya shafe shekara sittin bai san wata rayuwa ba sai wannan.

Akwai abin da ɓangarorin biyu sukan tsallake. Wannan Chuck Berry mai wasa tsaf da ake kukan ya ɓace, tun yana da ƙarfinsa ba kullum ake samunsa a dandamali ba. Daga shekarun 1960 ya daina yawo da ƙungiyar kiɗa tasa. Yakan sauka a filin jirgi shi kaɗai da jakarsa da jitarsa ƙirar Gibson, ya ɗauki motar haya ya tuƙa kansa zuwa wurin wasa. Sharaɗinsa ga mai shirya wasa sananne ne: a samo masa makaɗa 'yan gari, a ajiye masa irin na'urar ƙara sauti ta Fender da ya ambata a yarjejeniya, a kuma damƙa masa kuɗinsa lakadan kafin ya taka dandamali. Babu gwaji, babu jerin waƙoƙi. Bruce Springsteen, wanda ya mara masa baya da ƙungiyarsa a Jami'ar Maryland a 1973 tun bai yi suna ba, ya ba da labarin yadda Berry ya iso daf da lokaci, aka tambaye shi waɗanne waƙoƙi za a yi, ya ce waƙoƙin Chuck Berry, ya fara kaɗawa ya bar su suna laluben inda ya dosa. A shekarun 1980 yana yin irin wannan wasa tsakanin 70 zuwa 100 a shekara. Wani daren a dace da makaɗan kirki wuri ya kama wuta, wani daren a tashi da takaici.

Abin ya dami Keith Richards har ya ɗauki nauyin haɗa masa ƙungiya ta gaske don bikin cikarsa shekara 60 a gidan wasa na Fox da ke St. Louis a 1986, ya kuma nemo Johnnie Johnson, wanda a lokacin tuƙin bas yake yi, ya maido shi kan fiyano. An yi fim a kan wannan biki, ya fito a 1987. A cikinsa akwai wurin da Berry ya tsare Richards yana sa shi maimaita lanƙwasa guda ɗaya ta waƙar "Carol", ya yi ya ce bai yi ba, ya sake ya ce bai yi ba, har fuskar Richards ta sauya. Wannan wuri yana nuna cewa kunnen mutumin a lokacin ya fi reza kaifi. Ya san daidai sarai. Kawai ya daɗe da yanke shawarar cewa ba kowane dare ne ya cancanci wahalar daidai ba.

Dalilin wannan hali ba ɓoyayye ba ne. Da faifan "Maybellene" ya fito, sai ya tarar an jera sunayen wasu mutum biyu tare da nasa a matsayin marubuta waƙar, ɗaya Alan Freed mai gabatar da kiɗa a rediyo, ɗaya Russ Fratto, kuma sai bayan kimanin shekara talatin haƙƙin ya dawo masa shi kaɗai. Baƙar fata da ya yi yawon kiɗa a kudancin Amurka zamanin wariyar launin fata ya ga yadda ake cinye wa makaɗa kuɗi bayan an tashi. Daga nan ya ɗauki kiɗa a matsayin ciniki: ka biya awa ɗaya, ka sami awa ɗaya. Kuɗin hannun nan ne ma suka kai shi kurkuku na wata huɗu a 1979 kan ƙin biyan haraji, 'yan makonni bayan ya yi wasa a fadar White House gaban Shugaba Carter. Ba waliyyi ba ne, wannan ne zamansa na uku a tsare, kuma akwai wasu abubuwan kunya a tarihinsa da suka sa wasu ba su taɓa tausaya masa ba. Amma mai cewa tsufa ne ya ɓata wasansa ya faɗi rabin labari ne.

Sauran rabin kuwa na jiki ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin jita ba ta rufa wa tsoho asiri. Mutane sukan ɗauka yatsu ne ke fara gazawa. Lallai suna gazawa: gaɓoɓin yatsun Keith Richards sun kumbura da amosanin gaɓɓai, ya kuma ce dole ta sa ya sauya yadda yake kaɗa wasu abubuwa. Makaɗin jita Eric Clapton ya bayyana a 2016 cewa yana fama da ciwon jijiyoyi da ke sa kiɗan ya zama masa aiki mai wuya. Sai dai yatsu ana yi musu dabara. A rage gudu, a zubar da ƙawa, a bar sautin da ya zama dole. Les Paul, wanda sunansa ke kan ɗaya daga cikin shahararrun jitocin duniya, ya ci gaba da wasa duk daren Litinin a wani ƙaramin kulob a New York har shekarar da ya rasu, 2009, yana da 94, alhali amosani ya kashe masa yawancin yatsun hannun hagu.

Kunne shi ne ba a yi masa dabara. Wanda ya shekara hamsin yana tsaye gaban lasifika mai ƙara, jinsa yakan tafi, kuma siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, su ne kuwa makaɗi ke dogara da su wajen gane ko tsirkiya ta sassauta. Salon Berry ya ƙara tsananta matsalar. Alamarsa ita ce kaɗa tsirkiya biyu a lokaci guda, da tura tsirkiya da yatsa har sautinta ya hau ya haɗu da na 'yar'uwarta. Mai kaɗa tsirkiya ɗaya in ya ɗan kauce ba kowa zai lura ba. Mai kaɗa biyu in ɗaya ta kauce, sautukan karo suke yi da juna, ko wanda bai san kiɗa ba sai ya yamutsa fuska. In kuma ba ya jin abin da mai fiyano da mai jitar ƙasa suke yi, sai ya kama waƙa a wani mataki su suna wani, shi bai sani ba. Manyan makaɗa suna da yaron da ke ɗaure musu jita a bayan labule da 'yar na'urar awo. Berry mutum ne da ya saba yi wa kansa komai, a gaban jama'a yake saitinsa, da kunnen da ya riga ya ci amanarsa. Kuma ya san halin da yake ciki. A 2012, da aka karrama shi a Cleveland, ya gaya wa 'yan jarida da bakinsa cewa kwanakin waƙarsa sun wuce, murya ta tafi.

Duk da haka akwai wuri ɗaya da wannan gardama ba ta taɓa samun gindin zama ba. A titin Delmar da ke gefen St. Louis akwai gidan abinci da kiɗa mai suna Blueberry Hill, na wani abokinsa Joe Edwards. A 1996 Berry ya gaya wa Edwards yana sha'awar ya sake wasa a ƙaramin wuri irin waɗanda ya fara a cikinsu. Daga nan aka tsayar da Laraba ɗaya a kowane wata. An gyara wani ɗaki a ƙarƙashin ginin, mai ɗaukar mutum 340, aka raɗa masa suna Duck Room saboda tafiyar agwagwar. Ya yi wasa 209 a wannan gida. A nan ba makaɗan haya ba ne a bayansa. Akwai Jim Marsala mai jitar ƙasa wanda ya bi shi tun shekarun 1970, da Robert Lohr a fiyano, da Keith Robinson a ganguna, da ɗansa Charles a jita ta biyu, da 'yarsa Ingrid mai waƙa da busa. Mutanen nan sun san shi kamar yunwar cikinsu. In ya sauya mataki a tsakiyar waƙa su bi shi, in baiti ya ɓace masa Ingrid ta ɗauka ko jama'a su cike masa, in ya tsallaka wata waƙar ba sanarwa su tsallaka tare. Yakan fito da hular matuƙin jirgin ruwa da riga mai ƙyalli, a ƙarshe ya kira mata daga cikin 'yan kallo su hau dandamali su yi rawa. Tikiti yakan ƙare da wuri, mutane suna zuwa daga Turai da Japan. Kurakuran da aka ji a Shikago ana jin su a nan ma, amma ba mai fita yana ƙorafi. Tsohon doki sai mai shi.

A wannan gari dai, a watan Afrilun 2014, B.B. King ya yi wasa a babban zauren Peabody yana da shekara 88. Shi sarkin kiɗan blues ne, amma ciwon iri ɗaya ne. Mutane sun biya har dala 150. Ya yi ta surutu, ya kaɗa 'yan waƙoƙi kaɗan, ya riƙe jama'a suna rera tsohuwar waƙa ɗaya kusan minti goma sha biyar. Wasu suka fara ɗaga murya suna cewa ya yi kiɗa, wasu suka tashi suka fice. Bayan kwanaki wakilansa suka nemi afuwa, suka ce ya sha doguwar tafiyar mota daga Las Vegas kuma ya tsallake maganinsa na ciwon sukari. Gari ɗaya, shekara ɗaya, tsofaffi biyu da shekara ɗaya ce kawai tsakaninsu, an rungumi ɗaya an yi wa ɗaya ihu. Ba don mutanen Peabody sun fi na Duck Room rashin kunya ba. Abin da aka sayar musu a ƙofa ne ya bambanta. Na Duck Room sun san ziyarar tsoho suka zo, kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba, suna kusa da shi har suna ganin murmushinsa in ya yi kuskure. Na Peabody an sayar musu da kujera mai tsada a zaure mai ɗaukar dubbai, da sunan mutumin da suka sani a faifai.

Berry ma bai tsira daga wannan ba in ya bar gida. A 2013 ya zagaya Kudancin Amurka da Turai, kuma a Buenos Aires da Helsinki jaridu sun ba da labarin wasanninsa cikin jimami da takaici. A nan ne nake rabuwa da masu kare shi ido rufe. Mutumin Ajantina da ya tara kuɗi ya sayi tikiti, wanda allon talla ya nuna masa hoton gwarzo yana tafiyar agwagwa, bai yi laifi ba in ya fita ransa a ɓace. Bai yi zaman shekara goma sha bakwai a Duck Room yana tsufa tare da mutumin ba. Dare ɗaya aka ba shi, kuma ba a gaya masa gaskiyar abin da zai tarar ba. Na kuma rabu da masu cewa a ƙwace jitar. Zargin da wasunsu ke yi cewa tura shi ake yi don a ci kuɗi bai dace da halin mutumin ba. Wanda ya tsare Keith Richards a kan lanƙwasa ɗaya, wanda ba ya taka dandamali sai ya ƙirga kuɗinsa, ba a jan sa inda bai yi niyya ba. Abin da ya kamata a nema shi ne a rage girman ɗaki, a rage kuɗi, a daina doguwar tafiya, a kuma faɗa wa mai saye abin da yake saye.

Ana iya yin hakan. A 2019 makaɗin jita Peter Frampton ya fito ya sanar cewa yana da wata cuta mai cinye tsoka sannu a hankali, ya ce zai yi zagayen bankwana tun yatsunsa suna biyayya. Da cutar ta yi masa sauƙi fiye da yadda ya zata sai ya dawo, yana kaɗawa a zaune, kowa ya san dalili, ba a kuma yi gardama a kansa ba. Berry ɗan wani zamani ne da makaɗi ba ya bayyana rauninsa, don mai rauni ba a kiransa wasa.

Wayar hannu ta ƙara dagula lissafin. Da can mummunan dare yakan mutu a cikin zauren da aka yi shi, sai dai labari. Yanzu minti uku mafi muni na wasan awa guda su ne ke yawo, kuma akasarin masu yanke hukunci ba su shiga ɗakin ba. Suna kallon ɗan shekara 87 a ƙaramin allo, da sautin da makirufon waya ya ƙara lalatawa, sannan su danna na gaba su ga ɗan shekara 31 yana tsalle a 1958. Ba makaɗin da zai ci wannan gasa da kansa.

Wasansa na ƙarshe a Blueberry Hill ya kasance ranar 15 ga Oktoban 2014, kwana uku kafin ya cika 88. Bai yi sanarwar ritaya ba, kawai ba a sake sa wata Laraba ba. Ranar da ya cika 90 aka sanar cewa yana da sabon faifai, na farko tun 1979. Ya rasu ranar 18 ga Maris 2017, faifan mai suna "Chuck" ya fito a watan Yuni. An yi shekaru ana ɗaukarsa kaɗan-kaɗan, kuma a ɗakin ɗaukar sauti ana iya tsayawa a ɗaure tsirkiya, a maimaita har a dace. Jitar da ke ciki tana kan saiti, muryar tsoho ce amma da sauran wasa a cikinta. Masu cewa ya ajiye jita suka ce ga shi nan, da ma nan ya kamata ya tsaya tuntuni. Sai dai in aka duba sunayen makaɗan da ke bayan faifan, Marsala ne da Lohr da Robinson da Charles da Ingrid, ƙungiyar da ba abin da ya haɗa ta ya riƙe ta tsawon shekarun nan sai waccan Laraba ta kowane wata.